Hular Baba a Kan Kujerar Jirgi

Torino, ƙasar Italiya
Ranar Talata

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarki, da fatan kin tashi lafiya. Ya ƙafar taki? Ya mutanen gida da na Yako baki ɗaya? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Na rubuta da hannuna kamar yadda kika ce, zan ɗauki hotonta in tura wa Yaya Jamilu ya karanta miki, tunda kin ce maganar waya ba ta zama a kunnenki.

An yi bikin ba mu shaidar kammala karatu lafiya. Baba ya sa babbar rigarsa ruwan toka da hular nan da kika saya masa, Turawa suka yi ta roƙon ɗaukar hoto da shi, har na fara shakkar ko shi ne ya yi karatun ba ni ba. Da aka kira sunana kuwa ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a ya ce uwarsa ce wannan, da Hausa, da ƙarfi. Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni.

Yanzu sai yawon buɗe ido da na yi masa alkawari. Na yanka mana tikitin jirgin ƙasa, mun riga mun zaga garuruwan kusa, gobe za mu Milano, daga can mu wuce Venezia, garin da ruwa ne titunansa. Baba ya ce shi ba gine-gine zai je gani ba, so yake ya ga yadda ake lodi a tashar kwale-kwale.

Inna, tsohon direba dai ba ya tsufa. Baba ya sa jiragen ƙasar nan a gaba da ƙorafi. Ya yaba gudunsu da tsabtarsu, amma ya ce tafiya ce marar mutunci: ba ɗan kamasho, ba yaron mota, ƙofa ita ke rufe kanta, ba mai waiwayowa ya tambaya ko kowa ya shigo. Shekaranjiya sai da na riƙo shi, wai zai je gaba ya gaisa da direba, don bai kamata ka ba mutum amanar ranka ba ku ko gaisa ba. Abin da ya fi damunsa salla ce a zaune. Na ce masa matafiyi yana da sauƙi, ya ce ya sani, ba ni zan koya masa ba, amma goshinsa bai taɓa ƙasa ba, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai ya ɗauko mini labarin hanyar Kano zuwa Jos, yadda yake tsayawa la'asar a Tudun Wada, wanda ba ya salla ya sayi gasasshiyar masara ya jira.

Kada ki damu da maganar ciwon sugansa. Allurarsa tana cikin jakata, safe da yamma ni nake yi masa. Fasfonsa da wayarsa ma na karɓe, saboda masu yankan aljihu a tashoshi. Ya ce na mai da shi buhun masara, sai dai a ɗora a sauke.

Ki gaida mini kowa, ki ci gaba da sa mu a addu'a.

'Yarki mai kewarki,
Juwairiyya

*

Milano
Ranar Alhamis

Yaya Jamilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Humaira da yara. Yaya, wannan taka ce kai kaɗai. Don Allah kada ka karanta wa Inna, kada ma ka buɗe ta a gabanta, ka san fuskarka ba ta iya ɓoye komai. Na yi ta danna lambarka ina kashewa, na san da na ji muryarka kuka zai ƙwace mini, ba za ka fahimci komai ba.

Baba ya ɓace. Tun jiya da la'asar ban san inda yake ba.

Mun taso daga Torino za mu Milano. Hanyar ta ratsa gonakin shinkafa, ruwa kwance ko'ina kamar ka je Kadawa, Baba ya manne da taga yana ta nuna mini. Har sheƙar shamuwa ya hango a kan wata hasumiya, ya ce ashe su ma suna da biza. Ina dariya na tashi zuwa banɗaki a ƙarshen taragon, na tarar da layi. Ina can jirgin ya tsaya a wata 'yar ƙaramar tasha, ya ɗan jima fiye da yadda ya saba, ina jin wani jirgin yake jira ya wuce. Ko da na dawo mun riga mun tashi. Kujerar Baba ba kowa, sai hularsa a ajiye a tsakiyarta.

Ka san ma'anar wannan, Yaya. Haka ake kama wuri a motar Kwanar Ɗangora. Ina ganin hular gabana ya faɗi, tun kafin in tambayi kowa.

Wata tsohuwar Baturiya da ke fuskantarmu ta ce ya nuna mata taga, ya ɗaga hannuwansa zuwa kunnuwa, ya nuna hular, ita kuma ta yi masa murmushi ta gyaɗa kai don ba ta gane ba. Shi kuwa a wurinsa ya bar sallahu ke nan. Ya gaya wa maƙwabciyar kujera, in direba zai tashi za a ce masa akwai mai salla a ƙasa. Ya hangi famfo a bakin layi, ya ga jirgi ya lafa, ya ɗauki daddumarsa ya sauka.

Na bi taragu ɗaya bayan ɗaya ina kiransa kamar mahaukaciya. Na sami mai duba tikiti na riƙe masa hannun riga na ce a tsayar da jirgin. Ya ce ba a tsayarwa sai tasha ta gaba. Na yi masa ihu da yarensu, na yi da Turanci, na ƙare da Hausa, shi dai haƙuri yake ba ni. Na sauka a tasha ta gaba, na jira mai komawa, jiran da ban taɓa yin mai tsawonsa ba. Da na isa 'yar tashar ba kowa. Benci biyu, famfo, da ƙasa a jiƙe a gindinsa, sai hasumiyar nan mai sheƙar shamuwa can gefe.

Yaya, komai nasa yana jakata. Fasfo, waya, tikiti, allura. Ni na karɓe su da hannuna ina ganin dabara na yi. Ba ya jin kalma ɗaya ta mutanen nan, bai san sunan masaukinmu ba, ba lambar da ya haddace a duniya sai lambobin motocin da ya tuƙa. Bai yi allurar jiya da yamma ba, bai yi ta yau da safe ba, kuma ka san yadda jikinsa yake yi in ya tsallake ko ɗaya.

Na kai rahoto wurin 'yan sandan jirgin ƙasa. Sun karɓi hotonsa na ranar biki, suka tambaye ni kayan da ke jikinsa. Na ce riga ruwan toka, kai ba hula. Tunda nake ban taɓa ganin Baba a waje kai ba hula ba.

Na taho Milano don ya san sunan garin, ya yi ta maimaita shi a hanya, wataƙila ya biyo wani jirgin. Ina tsaye a bakin inda fasinjoji ke fitowa. Tashar ta fi kasuwar Kwari cika, duk mai furfura na hango sai na bi shi da gudu.

In Inna ta tambayi wasiƙa ka ce muna kan hanya. Ka yi mana addu'a, ka sa a yi.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Milano
Ranar Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun kwana lafiya. Na ga saƙonninka duka, na ga kiran da ka yi ta yi. Ka yi haƙuri, ba zan iya ɗauka ba. Ka ce in ci abinci, na ji. Har yanzu ba a gan shi ba.

Jiya 'yan sanda sun nuna mini hoton da kyamarar 'yar tashar ta ɗauka. Na gan shi, Yaya. Ya yi alwala a nutse, ya duba rana, ya shimfiɗa dadduma ya kabbara. Yana sujada ƙofofin jirgin suka rufe. Na tabbata ya ji tashinsa, don har gefen rigarsa iskar ta kaɗa, amma bai ɗago ba sai da ya idar. Ya yi sallama, ya miƙe, ya tsaya yana kallon hanyar da muka bi. Ya daɗe a haka. Ina jin jira yake a lura babu shi a dawo.

Sai wani jirgi ya shigo, a layi ɗaya, ya fuskanci inda namu ya fuskanta. Baba ya naɗe dadduma ya shiga ba ko waiwaye. Ka san lissafin da ya yi. In mota ta bar ka a Tudun Wada, ta bayanta kake hawa ka cim mata a gaba, don hanya ɗaya ce. Nan ba haka ba ne. Wancan jirgin da ya ɗan taɓa tafiya sai ya karkata arewa, ya hau cikin duwatsu. Ni kuma na iso tashar ba da jimawa ba. Da ya ƙara haƙuri kaɗan, da na ƙara sauri kaɗan. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Na bi layin har ƙarshensa, wani gari mai sanyi a gindin dutse. Mai sayar da shayi a tashar yana ganin hoton ya gane shi. Ya ce ya ba shi burodi da ruwa, Baba ya ciro dabino daga aljihu ya ajiye masa a kan tebur, ya ƙi ɗauka a banza. Ya ce tsohon ya yi ta nuna masa wata alama, yana zagaye fuskarsa da hannu kamar mai yafa mayafi, yana nuna tsayin kafaɗarsa. Ni yake tambaya, Yaya. Yana cikin wannan hali ni yake tambaya.

Mai shayin ya ga ba daidai yake ba, ya kira 'yan sanda don su taimaka masa. Baba yana hango kakinsu ya sulale ta ƙofar baya. Suna ta mamaki, suna tambayata ko yana da wani laifi ne da yake gudu. Ta ina zan fara yi musu bayani? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi ya san direban da ba takarda a hannunsa ba ya kai kansa wurin mai kaki. Yanzu ga shi duk waɗanda na roƙa su nemo shi, su ne yake ɓuya wa.

Yau da hantsi aka kira ni wani asibiti, wai an kawo wani dattijo baƙar fata da ya faɗi a tasha, ba ya magana. Ban san yadda na isa ba. Aka ɗaga labule, ba shi ba ne. Na yi hamdala, sai kuma na ji kunyar hamdalar, don shi ma uban wasu ne. Likitan ta tambaye ni irin allurar da Baba yake yi da yaushe rabonsa da ita. Da na gaya mata sai ta dafa kafaɗata kawai. Na gwammace da ta yi magana.

Ni na kawo shi. Inna ta ce ya tsufa da irin wannan tafiya, na ce ta bar ni in nuna masa duniya ko sau ɗaya, shi da ya yi ta kai mutane garuruwa bai taɓa zuwa ko'ina don nishaɗi ba. Wace fuska zan sauka da ita a Kano in riƙe da hula?

Maganar gaya wa Inna kai za ka yanke, ni na kasa. In kun sauko Juma'a ka roƙi liman ya sa wani bawan Allah matafiyi a addu'a, ba sai ka faɗi suna ba.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Daga 'yar tashar da Baba ya sauka
Ranar Asabar

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki, ko da yake na san amsar. Ki gafarce ni da na ɓoye miki. Yaya ya ce ba shi ya faɗa ba, ke kika zaunar da shi kika ce ya daina kewaye-kewaye, kwana biyu ba wasiƙa, kuma ya kasa haɗa ido da ke.

Na saurari saƙon muryar da kika sa ya ɗauka ya turo mini, na sake saurara, na sake. Na zaci faɗa za ki yi mini, na ma fi son ki yi. Sai kika ɗauko labarin tsohuwar Bafulatanar nan mai ƙwaryar nono, wadda aka manta a Doguwa ta je kama ruwa. Kika ce Baba ya riga ya nutsa cikin dajin Falgore ya waiwaya ya ga gurbinta, fasinjoji suna ta masifa, rana tana faɗuwa, daji ba lafiya, ya juya motar ya koma ya ɗauko ta. Na san labarin tun ina yarinya, ban taɓa tunanin zai zama nawa ba.

Maganarki ta ƙarshe ita ta kawo ni nan: "Babanki bai ɗauki kansa ɓatacce ba. A wurinsa ke ce kika ɓace. Ki koma inda kuka rabu ki zauna, kada ki motsa."

Na dawo, Inna. Tun sassafe nake kan bencin da ke kusa da famfon. 'Yan sanda sun ce ɓata lokaci nake, mutumin da bai san sunan tasha ba, ba ya karatun boko, ba tikiti, ga ciwo, ba yadda za a yi ya gane hanya. Ƙawayena na makaranta sun ce in bar musu Milano, suna can suna dubawa. Ni ma ba zan yi miki ƙarya ba, rabin zuciyata yana tare da 'yan sandan. Duk jirgin da ya wuce sai in ji kamar Baba yana kwance a wata tasha ni kuma ina nan zaune ina kallon shinkafa. Sau da yawa na miƙe zan shiga, sai in tuna kin ce kada in motsa.

Jirgi ya tsaya, ƙofofi su buɗe, mutum biyu ko uku su sauko, ƙofofi su rufe. Haka nake ta gani tun safe. Hularsa tana kan cinyata, allurar tana jaka. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba. In kin yi kuskure, Inna, ban san inda zan nufa daga nan ba.

Ki yafe mini, ki ci gaba da addu'a.

'Yarki,
Juwairiyya

*

Daga asibiti
Ranar Lahadi

Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan kin samu kin runtsa. Na san Yaya ya gaya miki tun jiya, amma ina so ki ji daga hannuna: Baba yana raye. Ga shi nan kusa da ni yana barci, an sa masa ƙarin ruwa. Sugan ya hau ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura, akwai gyambo a ɗan yatsansa da likitoci suke lura da shi. Sun ce da ya ƙara yini ɗaya da labarin ya canja. Za su riƙe shi kwanaki, in ya samu ƙarfi gida za mu taho. Venezia ta jira wani.

Jiya bayan na tura miki wasiƙa na ci gaba da zama har la'asar. Wani ɗan jirgi mai tarago biyu ya shigo daga wajen duwatsu. Ban ma ɗaga kai sosai ba, na gaji da sa rai. Sai na ga hannu ya riƙe ƙarfen ƙofa, na ga dadduma a hammata. Ya sauko da ƙyar, ƙafa ɗaya ba takalmi, rigar ta yi baƙi, leɓɓansa sun tsage. Bai gan ni ba. Famfon ya fara dubawa, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar mai sheƙar shamuwa, ya gyaɗa kai shi kaɗai kamar wanda lissafinsa ya fita. Na miƙe da hular a hannu na nufe shi.

Yau da safe ya ba ni labari kaɗan-kaɗan. Ya ce tunda ya ga shinkafa ta ƙare duwatsu sun fara ya san ya saki hanya. Daga nan ya yi ta hawa yana sauka. In mai duba tikiti ya sauke shi, ya jira na gaba. In ya hangi kaki, ya zagaya. Wani jirgin ya kai shi bakin wani tafki, wani ya kai shi garin da ba ya iya kwatantawa. Bai nemi sunan ko'ina ba, taga kawai yake kallo, yana neman ruwan shinkafa da hasumiya mai shamuwa, yadda yake gane kwanar Riruwai ba tare da allo ba. Na ce me ya sa bai nufi Milano ba, tunda ya san sunan? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce ai ba a can aka rabu ba.

Amma ba wannan na zauna rubuta miki ba. Abin da ya faru a bakin famfon ne, wanda ban gaya wa Yaya ba.

Da na isa gare shi na riƙe ƙafafunsa, na shirya duk kalmomin neman gafara da na yi kwanaki ina tarawa. Ni na tashi na bar shi, ni na ƙwace masa takardu da waya, ni na kawo shi ƙasar da ba mai jin maganarsa. Kafin in buɗe baki ya dafa kaina. Ya tambaye ni ko na ci abinci. Ya tambaya ko wani ya taɓa ni. Sannan ya zame ya zauna a ƙasa, ya ce:

"Uwata, tun kafin a haife ki nake ɗaukar mutane, ban taɓa barin fasinja a hanya ba. Sai ke, 'yar cikina, a ƙasar da ba ki da kowa. Ki yafe mini."

Inna, shekarata nawa a ƙasar nan, ina jin yarensu, na san jiragensu kamar tafin hannuna. Duk kwanakin nan da yake yawo da ƙafa ɗaya ba takalmi, ba cin kirki ba allura, bai taɓa tunanin shi ne abin tausayi ba. Hular kawai na ɗauka na sa masa, ya gyara mata zama da kansa, daga nan jikinsa ya saki, na kira motar asibiti.

Ɗazu da ya farka ya sake tambayata ko na yafe. Na yi kamar ina gyara masa bargo. In na ce na yafe, na yarda shi ne mai laifi ke nan, in kuma na yi shiru ba zai samu natsuwa ba. Ke kika san shi fiye da kowa, ke kika gaya mini inda zan same shi. Ki aiko mini da abin da zan ce masa kafin ya sake farkawa.

Ki gaida Yaya da mutanen gida, ki ce wa liman matafiyin nan ya sauka.

'Yarki,
Juwairiyya